Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Zakarun Kwale-kwale na Kogin Tyne

Shugaba, dattawan ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum. Ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare.

A taron bara mun ɗauki alkawarin cewa za mu daina ba da tarihin zakarun tseren kwale-kwale na Newcastle ta Ingila muna zaune cikin ɗaki, mu riƙa kai mutane inda abin ya faru. Alhamdu lillahi, mun cika mafi yawansa.

Da tattaki muka fara. Mun bi gaɓar kogi daga gadar High Level zuwa Scotswood, tafiyar mil 3 da ɗoriya, wato hanyar da ake bi a tseren cin kambu a ƙarni na 19. Sai ka taka ta da ƙafa za ka san abin da ake nufi da a ce mutum ya yi ta da filafili biyu, babu hutu. Waɗanda suka yi ta kuwa ba 'ya'yan masu hali ba ne. Leburori ne na ramin kwal da masana'antar ƙarfe da jiragen dakon kaya, kogin nan shi ne gonarsu tun kafin ya zama filin wasansu.

Daga nan muka shiga ziyarar makwanta da wuraren tunawa da zakaru uku: Harry Clasper, James Renforth da Robert Chambers. A Whickham muka tsaya kan Harry Clasper, wanda aka haifa a Dunston a 1812. A 1845 shi da 'yan'uwansa da kawunsu suka je Landan suka doke gwanayen Kogin Thames a gidansu. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina game da shi aikin hannunsa ne, don maƙerin kwale-kwale ne. Shi ya inganta ƙarfen nan da ke fitowa daga gefen jirgi ya riƙe filafili, abin da ya ba da damar a tsuke jirgin ya zama siriri, ya riƙa yanka ruwa kamar wuƙa. Da ya rasu a 1870, ta cikin kogi aka ɗauki gawarsa, jama'a suka cika gaɓa biyu.

A Gateshead mun je gaban gidan zane-zane na Shipley, inda dutsen tunawa da James Renforth yake. An sassaƙa shi kwance cikin jirgi, Harry Kelley ya rungume shi. Kelley ɗin nan shi ne Renforth ya ƙwace wa kambun duniya a 1868, daga baya suka zama abokan tuƙi. Ranar 23 ga Agusta 1871, suna tsaka da tsere da 'yan Saint John a Kogin Kennebecasis na Kanada, Renforth ya yanke jiki ya faɗi, a ranar rai ya yi halinsa, yana da shekara 29. Mutanen can sun sa wa wata unguwa sunansa. Wata dattijuwa cikinmu ta ɗora tafinta kan dutsen, ta daɗe ba ta ce uffan ba, mu ma muka yi shiru tare da ita.

Inda muka gaza shi ne kan Robert Chambers, kuma ba zan ɓoye ba. Ziyarar Walker, inda yake kwance, ita ce ta fi ƙarancin mahalarta, ga shi ba mu shirya mata yadda ya kamata ba. Wannan mutum ma'aikacin narkar da ƙarfe ne, Clasper ya horar da shi, ya ci kambun Thames a 1859, ya doke Richard Green na Ostireliya a 1863. A zamanin da caca ta dabaibaye tseren, gaskiyarsa ce ta sa aka san shi. Tarin fuka ya ɗauke shi a 1868. Ku duba fa: 1868, 1870, 1871. Cikin shekara uku garin ya binne su duka, amma Chambers ne aka fi mantawa, har mu da muka ce tunawa da su ne aikinmu.

Kwamitin matasa ya cancanci yabo. Sun haɗa ɗan ƙaramin kwale-kwale na katako, suka riƙa zagayawa da shi wurin yara. Sai a cire ƙarfen gefen a ba yaro filafili ya ja, a mayar ya sake ja. Nan take yake jin bambancin a kafaɗarsa, tambayoyi kuma su ɓarke.

Aikin tattara tsofaffin hotuna da yankan jaridu yana tafiya, sai dai a hankali. Wanda ya karɓi aron wani abu daga akwatin ƙungiya, don Allah ya dawo da shi. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana wurin ma'aji, zai karanta bayan na zauna.

Shawarar kwamiti ita ce ziyarar farko ta baɗi ta zama ta Walker, a kuma rubuta taƙaitaccen tarihin Chambers da za a raba wa mahalarta. Muna neman mutum biyu da za su ɗauki nauyin rubutun. Mai sha'awa ya ba ni sunansa kafin a tashi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sakataren ƙungiya