A haɗa asibiti da ofishin walwala don tsofaffinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan tsofaffi, abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Doka kam akwai ta. Ga cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da Buhari ya naɗa wa shugabanni a 2021, ga dokar inshorar lafiya ta NHIA ta 2022 da ta sa tsofaffi cikin masu rauni, ga asusun kula da lafiya a matakin farko na BHCPF wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce a dinga ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Amma fa kowa harkar gabansa yake yi, ma'aikatar lafiya daban, ofishin walwala daban, hukumar zakka ma daban, wannan bai san wanda wancan ya taimaka wa ba.

Akwai wata baba a layinmu da ta samu shanyewar ɓarin jiki, da ta ɗan samu sauƙi aka sallame ta da leda cike da magani aka ce ta dinga zuwa gashi, to wa zai kai ta, ɗanta ɗaya ne kuma leburanci yake yi sai dare yake shigowa, jikarta 'yar firamare ce ke juya ta, maganin hawan jini na safe da na dare duk sun cakuɗe, kafin a ankara gyambo ya fito mata a baya saboda kwanciya. Famfas na manya kuwa kar ma a yi zancen tsadarsa. Likita ya yi nasa tsakani da Allah, amma daga bakin get ɗin asibiti babu wanda ya karɓe ta.

Ni abin da nake roƙo ba sabon ofis ba ne, sun ma yi yawa wallahi. In za a sallami tsoho, a tura sunansa asibitin sha ka tafi na mazaɓarsa da kuma jami'in walwala na ƙaramar hukuma, rajista ɗaya su riƙe, mai unguwa ya san da ita. Ma'aikacin lafiya ya leƙa gida ya gwada jini ya duba raunin, na walwala ya ga ko akwai abinci da keken marasa lafiya, ya sa sunansa a inshora da zakka ba sai an ce a kawo shi ya bi layi ba. 'Yan majalisar jiharmu su duba wannan kafin kasafin kuɗi na gaba.

Naku,
Mai karatu daga Kano