Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Caleb Mutfwang kan gonar Nabot da rahotannin Filato

Mai Girma Gwamna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni mazaunin Jos ne, Kirista mai sujada da Hausa. Kai lauya ne, kuma ka san Littafi Mai Tsarki, don haka ba sai na yi dogon turanci ba.

Ranka ya daɗe, ka tuna Nabot a 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab ya nemi gonar inabinsa, Nabot ya ce atafau ba zai rabu da gadon kakanninsa ba. Ahab bai taɓa shi da hannu ba. Gado ya hau, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. Matarsa Yezebel ce ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, dattawan gari suka nemo shaidun zur biyu, aka jejjefe bawan Allah har lahira. Amma da Ubangiji ya tashi annabi Iliya, wurin Ahab ya aike shi, ya same shi tsaye cikin gonar. Wanda ya kau da kai shi aka fara tuhuma.

Mu a Filato mun ga kau da kai iri-iri. Kwamitin Fiberesima ya binciki rikicin 1994, na Mai Shari'a Niki Tobi ya binciki na Satumbar 2001, na Bola Ajibola ya binciki na Nuwambar 2008. Mutane sun je sun ba da shaida da hawaye, sai rahotannin suka kwanta suna shan ƙura. Shi ya sa mai kisa ba ya tsoro. Aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Agustan 2021, aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023. Jini duk ɗaya ne, kuma Littafin Firistoci 19:15 ya hana alƙali duba fuska, ta talaka ko ta babba.

Fastocinmu na yawan karanta Karin Magana 14:34, cewa adalci ke ɗaukaka al'umma. Mukan ce amin da ƙarfi, mu watse. Ni dai ban ga amfanin amin ɗin ba muddin gwauruwar da aka kora daga gonarta na zaman gidan dangi.

Roƙona, Yallaɓai: ka sa a zartar da shawarwarin kwamitocin nan, a gurfanar da duk wanda shaida ta kama ko da cocinku ɗaya, a mai da masu gonaki gonakinsu kafin damina ta faɗi.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Tudun Wada, Jos