Shari'ar Google da Sayen Ƙofar Kasuwa

Edita,

Ina neman fili domin in yi tsokaci kan shari'ar Google a Amurka. A watan Agustan 2024, Alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ta intanet ta haramtacciyar hanya, bayan an nuna wa kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya irin su Apple da Samsung sama da dala biliyan 26 domin manhajarsa ta bincike ta zama wadda mai waya zai tarar tun daga kanti. A ganina wannan sayen ƙofar kasuwa ne, kuma abin mamaki, a Satumban 2025 alƙalin bai tilasta wa Google sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet, ba, bai kuma haramta biyan kuɗin ba.

Naku,
Mai karatu daga Kano