A dawo mana da mujallar ma'aikata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi kira ga masu masana'antu a Sharaɗa, Bompai da Challawa da ke Kano kan wani abu da suka raina, wato 'yar mujallar da kamfani ke buga wa ma'aikatansa.

Na daɗe ina aiki a wata masana'antar roba a nan Kano. A da, duk ƙarshen wata akan haɗo mana takardar albashi da mujalla mai shafi huɗu, rabi Hausa rabi Turanci. Ban san darajarta ba sai a 2014, da aka gyara dokar fansho, abin da ake cira a albashinmu ya tashi daga kashi 7.5 zuwa kashi 8 cikin ɗari. Kafin azahar rediyo mai jini ta baza cewa kamfani ya fara zaftare mana kuɗi, masu aikin dare har sun soma zancen yajin aiki. Sai ga mujalla da lissafi dalla-dalla: mai albashin naira 30,000 ƙarin naira 150 za a cire masa, kamfani kuwa, da kasonsa ya tashi daga kashi 7.5 ya koma kashi 10, zai ƙara masa naira 750 a asusunsa na fansho. Da idona na ga wani direba yana karanta wa Baba mai gadi shafin a teburin mai shayi, Baba na cewa a maimaita masa wurin ɗari bakwai da hamsin ɗin. Maganar yaji ta mutu a nan.

Shafin baya ne aka fi rububi: wanda aka yi wa haihuwa, wanda ya yi rashi, wanda ya samu ƙarin girma, sai amsoshin tambayoyin da muke jefawa a akwati ba suna. Ba na cewa ba ta da aibi, don akwai watan da hoton manaja ya fito sau uku.

Yanzu an daina bugawa, wai takarda ta yi tsada. An buɗe mana zauren WhatsApp da shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki, shi ma da Turanci. Da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, mun yi makonni ba wanda ya ce mana uffan, kowa da ƙanzon kuregen da ya jiyo. To ko Turawan mulki, da jita-jita ta dame su gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ai jarida suka kafa da Hausa a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo.

In kuɗin bugu ne matsala, a yi shafi biyu a manna a bakin ƙofa da masallaci, a karanta shi da murya a turo ta waya saboda irin su Baba. Akwatin tambaya kuwa yana nan a sito, ƙura kawai za a kakkaɓe masa.

Naka,
Wani ma'aikaci, Kano