Kunyar giya na sa mutane zubar da haƙƙinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka ne daga unguwar Talladje a nan Yamai, a kan wani abu da ya faɗa wa gidanmu kwanan baya.

Ɗan yayata direban taksi ne, shekarunsa 27. Wani dare ya banke ɗan kabu-kabu, mutumin ya karye a cinya. 'Yan sanda suka zo suka ce bakinsa na warin giya, suka tafi da shi. Ba zan wanke shi ba, ya sha, da bakinsa ya faɗa mini.

Da safe na tarar da Yaya a ƙofar komisariya, ta rungume kwanon koko da ta kawo masa, har ya huce. Ba ta tambayi hukuncin da zai hau kansa ba. Cewa kawai take: "Don Allah kada unguwa ta ji." Nan take wani mai zarya a bakin ƙofa, wanda ba ma'aikaci ba ne, ya ja ni gefe ya ce a kawo jika 150 magana ta mutu. Yaya har ta fara kwance 'yan kunnenta. Da ƙyar na hana ta.

Maƙwabcinmu, tsohon magatakardan kotu, shi ya buɗe mana ido. A laifi irin wannan, tsarewar bincike awa 48 ce, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Wanda aka tsare yana da damar ɗaukar lauya, kuma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, ta ce lauya na iya tsaya masa tun daga lokacin kamu. Ranar da za a kai shi gaban mai gabatar da ƙara, sai an haɗa da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimakon talaka a harkar shari'a. Abin da ya fi ja mana kunne a kai shi ne takardar bayanin da 'yan sanda ke ɗauka daga bakin wanda aka tsare. Da Faransanci ake rubuta ta, yaronmu kuwa a firamare ya bar makaranta. Ya ce kada ya sa hannu sai an karanta masa an fassara, domin abin da ke cikinta shi zai bi shi har gaban alƙali.

Haka batun awo. Hancin ɗan sanda ba ma'auni ba ne. Ana gane yawan giya a jiki ta na'urar da ake busawa ko ta gwajin jini a likita, kuma lokacin awon yana da muhimmanci, tunda giya na raguwa a jini awa bayan awa. Rashin awo na cutar mai gaskiya, yana kuma kuɓutar da mai laifi. Na'urar busawa ma ba ta ganin tiramol, alhali kowa a tasha ya san ana samun sa a aljihun wasu matasan direbobi.

Sai dai wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai babur. Dattawanmu suka ɗauki goro suka je gidansu, aka ce ƙaddara ce, aka ajiye jika 20 kuɗin mai ɗori. Mahaifinsa ya ce ya yafe. Yafiya abu ne mai kyau, amma mutumin nan yana da mata da 'ya'ya uku, babur ɗin kuma na haya ne. Babu wanda ya gaya masa cewa a dokar inshora ta CIMA, ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke aiki da ita, buguwar direba ba ta soke diyyar wanda aka banke. Muddin motar na da inshora, kamfani ne zai biya, sai dai ana bukatar takardar hatsari ta 'yan sanda da ta likita. Da mun ba wancan ɗan zarya kuɗi an binne maganar, da waɗannan takardu aka binne tare da ita. Ni na koma gidan mai babur na faɗa musu, Yaya kuma ta yi sati ba ta amsa gaisuwata.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato lauya da jami'in hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER su warware wa mutane dokar hanya ta 2014 da Hausa da Zabarmanci: a ina haddin giya ya tsaya, yaushe ake karɓe lasisin tuƙi, me ke kai mutum gidan kaso.

Yaronmu dai yana jiran ranar shari'a, mai babur kuma ya fara takawa da sanda.

Naka,
Wani mai karatu daga Talladje, Yamai