Kafin ka tura fom ɗin zama ɗan ƙasa

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya sanyin garin? Ummanku tace ka gaya mata wai ka daɗe a Amurka ya isa haka, zaka tura fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasar Amurka ƙarshen watan nan. Dan Allah ka dakata tukunna.

Shekarun da kayi da bizar karatu basa shiga lissafi ko kaɗan. Ɗauko girin kad ɗinka, wato katin izinin zaman dindindin, ka duba wajen da aka rubuta Resident Since, daga wannan ranar ake ƙirga shekara 5 ɗin da ake buƙata (da ƴar ƙasar ka aura kuna zaune tare da shekara 3 ne, to naka ba haka bane). Hukumar USCIS mai kula da shige da fice a Amurka ta yarda ka tura kwana 90 kafin shekara biyar ɗin ta cika, kuma kwana 90 suka ce ba wata uku ba, nan mutane ke zamewa. A ce katin ya nuna 15 ga Yuni 2021, to 17 ga Maris 2026 ce ranar farko, ka tura ko da kwana ɗaya kafin nan zasu iya ƙin karɓa ka koma baya. Ni shawarata ka ƙara sati guda akai.

Sai maganar zuwa gida, wadda itace tafi damuna. Cikin shekara biyar ɗin nan dole ka kasance ƙafarka na cikin Amurka aƙalla wata 30, sannan duk tafiyar data wuce wata 6 sai ka kawo hujja cewa baka tashi daga can ba, in ta kai shekara kuwa lissafin ya karye. Nasan ummanku na matsa maka kazo bikin ƙanwarka ka zauna har bayan babbar sallah, nima wallahi ina kewarka, amma kazo kayi sati uku ka koma, zan lallashe ta.

Ka buɗe fasfo ɗinka ka rubuta ranar fita da ranar dawowa ta kowace tafiya, fom ɗin zai tambaya. In ka canza jiha kuma sai kayi wata 3 a sabuwar kafin ka tura. Ka tabbata takardun harajinka sun cika.

Fasfo ɗinka na Najeriya ba zai tafi ba, wanda aka haifa ɗan ƙasa tsarin mulki ya yarda ya riƙe biyu. Turo min hoton katin a WhatsApp mu ƙirga tare. Allah ya yi maka albarka.

Babanka