Na yi wa shafin mata zambo, sai dariyar ta sauka a kan wata baiwar Allah

Assalamu alaikum Hajiya,

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya saka miki da alheri kan wannan fili da kike share wa mata hawaye a cikinsa. Ina roƙon ki sakaya sunana da na wurin aikina, domin maganar ta shafi abincina da na wasu.

Ni 'yar jarida ce a Kano, matar aure mai 'ya'ya. Na daɗe ina riƙe da shafin mata a wata mujallar Hausa. Abin da ya kawo ni gare ki wani rubutun zambo ne da na buga a shafin, inda na kwaikwayi irin shawarwarin da mu da kanmu muke ba mata, don masu karatu su ga rainin da ke cikinsu. Rubutun ya jawo mini fushin mai mujalla da fushin masu ba mu talla. Waɗannan biyun na san irinsu. Abin da ya hana ni barci wasiƙa ce guda daga wata mai karatu, kuma a kanta nake neman shawararki.

Ke ma kin san abin da ake zubawa a irin waɗannan shafuka. Sirrin mallakar miji. Yadda za ki kere wa kishiya. Haɗin tsumi da gumba da kazar amare, dilka da halawa, turaren tsuguno. Ban ce tsafta da kwalliya da iya girki laifi ba ne, ni ma ina turara ɗakina, ina kuma son a yaba miyata. Abin da ya dame ni shi ne duk wata ɓaraka da ta kunno kai a gidan aure, shafin kan ɗora ta a kan mace. Idan maigida bai ba da kuɗin cefane ba, sai mu ce ta koyi tattali. Idan ya ɗaga mata hannu, sai mu ce ta kula da harshenta. Idan ya daina zama a gida, sai mu ce ai ita ce ta saki jikinta, ta daina gyara. Ban taɓa ganin mujallar da ta ware shafi kowane wata tana koya wa maza yadda ake riƙe mata ba, alhali ciyarwa da tufatarwa da kyakkyawan zama duk a wuyansu addini ya rataya su. Tun 2012 gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbah saboda yawan matan da aure ya mace musu. Wanda ya saba karanta shafina zai zaci duk waɗannan bayin Allah rashin tsumi ne ya fitar da su daga ɗakunansu.

Sannan ga tallan da ke zaune a gefen shawarar. Rubutu ya tsorata mace cewa mijinta na gab da hango wata fara a waje, sai ta duba ƙasan shafin ta tarar da hoton man bilicin da lambar waya. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata. Wasu daga cikin mayukan nan akwai sinadarin makuri a cikinsu, wanda ke lalata ƙoda, wasu kuma suna cinye fata har ta yi sirara ta riƙa tsagewa. Ghana ta hana shigo da masu sinadarin haidirokwinon tun 2016, a nan gida ma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ba ta daina gargaɗi ba. Duk da haka an sha kira na a ofis a ce wannan watan a rubuta wani abu kan "hasken fata", saboda mai man ya sayi rabin shafin.

Na gwada faɗin gaskiya kai tsaye. Na rubuta kan haƙƙin ciyarwa, na rubuta kan illar bilicin, na kawo hujjoji. Babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya tanka. Rubutun ya shige kamar an shuka dusa.

A wannan hali ne na koma karatun yadda matan wasu ƙasashe suka fuskanci mujallunsu. A Amurka, ranar 18 ga Maris 1970, mata fiye da 100 suka shiga ofishin mujallar Ladies' Home Journal a New York, suka zauna a ɗakin babban editanta, John Mack Carter, har tsawon awa 11. Mujallar ta mata ce amma namiji ke jan ragamarta, kuma tun 1953 tana da wani fili da ke tambayar ko auren wane da wance zai gyaru, wanda sau tari gyaran a kan matar yake ƙarewa. Matan suka nemi a naɗa mace edita, a kuma sauya abin da ake bugawa. Aka ba su shafi 8 a fitowar watan Agusta na shekarar suka rubuta abin da suke so. Da mujallar Ms. ta fara fitowa a 1972, sai ta ware wani shafi tana sake buga tallace-tallacen da ke wulaƙanta mata yadda suke, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai, ta bar mai karatu ya gani da idonsa. Gloria Steinem, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ta bayyana a 1990 yadda kamfanonin kayan kwalliya ke gindaya wa mujallun mata sharaɗin a rubuta abin da zai taya hajarsu kafin su ba da talla, kuma a shekarar ce mujallar ta koma fitowa babu talla sam. Da na karanta wannan sai na ga ofishinmu tsaf. A 2013 kuma wasu marubuta biyu, Beth Newell da Sarah Pappalardo, suka kafa shafin zambo mai suna Reductress a intanet, aikinsa kawai kwaikwayon kanun labaran mujallun mata da muryarsu ta "ƙawata bari in faɗa miki", yana tura shawarar zuwa ƙarshenta har wautarta ta fito fili.

Na san za a ce kwaikwayon Turawa na yi. Ban yarda ba. Kakata da ba ta taɓa riƙe mujalla ba, a bakin dutsen niƙa da gindin turmi take rera wa kakana habaici, yana zaure yana ji, bai isa ya ce da shi ake ba. 'Yan mata a tashen azumi suna ɗaura rawani su kwaikwayi maigida da isarsa, manya su yi dariya su ba da sadaka. Zambo da habaici da hannunka-mai-sanda gadonmu ne, kuma tun fil azal su ne makamin wanda ba a ba shi damar magana a fili ba.

Sai na rubuta nawa. Na tsara shi da irin zanen shafinmu, da furanni a gefe, da muryar nan ta "uwargida ran gida". Kanun ya ce: "Abinci 7 da za ki dafa da kuɗin cefanen da bai bayar ba." A ƙasa akwai "Yadda za ki nemi gafarar maigida idan ya taka miki ƙafa." Na uku shi ne "Yadda za ki yi naƙuda cikin dare ba tare da kin tashe shi daga barci ba." A ƙarshen shafin na rubuta da manyan baƙi cewa zambo ne, na kuma bayyana dalilina.

Hajiya, ban taɓa yin rubutun da ya zagaya kamar wannan ba. Aka ɗauki hotonsa aka riƙa turawa a WhatsApp da Facebook, sau da yawa an yanke bayanin ƙarshen. Mata suka yi ta kira suna cewa na faɗi abin da ke cin ransu. Wani dattijo ya aiko cewa ya karanta ya ji kunya, ya ƙara kuɗin cefane. Wasu maza kuma suka ce na zama 'yar feminis, ina zuga mata su bijire. Masu tallan kayan mata biyu suka kira mai mujalla suka ce ba za su ba da kuɗinsu a yi wa sana'arsu ba'a ba. Shi kuma ya ce mini da tallan nan ake biyan albashina da na masu shara da direba, in zaɓa: ko in koma yadda muke, ko in bar shafin. Maigidana bai hana ni ba, Allah ya saka masa, amma na ga damuwa a fuskarsa ranar da yayarsa ta kira tana tambaya ko da shi nake.

Ana cikin haka wasiƙar ta zo. Rubutun hannu ne, a takardar da aka yago daga littafin makaranta. Matar ta ce ita abin da na mai da abin dariya ya faru da ita. Naƙuda ta kama ta cikin dare, mijinta mutum ne da in an tashe shi gidan ba ya zaunuwa, sai ta cusa bakin zani a bakinta ta jure har asuba, maƙwabciya ce ta kai ta asibiti, kuma jaririn bai zo da rai ba. Ta ce ƙannen mijinta ne suka karanta rubutun a tsakar gida suna ta ƙyaƙyatawa, ita tana wanke-wanke tana ji. Ta ce ta daɗe tana sayen mujallar saboda shafina, duk haɗin da na rubuta ta gwada, domin ba ta da wata dabarar da ta wuce wannan. Ta rufe da tambaya ɗaya: ashe duk shekarun nan dariya nake mata a zuci?

Wallahi ba dariya nake mata ba. Saboda irinta na yi rubutun. Na zaɓi maganar naƙuda ne don ina ganin ita ce iyakar da babu wanda zai kai, ashe akwai gidan da an riga an wuce ta. Nan ne na gane wani bambanci tsakanin masu zambon can da ni. Mafi yawan masu karanta su mata ne da ke da albashinsu da hanyar fita, suna dariya ne daga nesa da abin. Tawa mai karatun tana tsakiyarsa. Tsumin da nake gani cuta ce da 'yan kasuwa ke yi mata, ita a wurinta shi kaɗai ne abin da ke hannunta, tunda ba ta da sana'a, gidansu kuma an gaya mata in ta dawo babu ɗaki.

Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya. Ta karanta mini aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana mutane yi wa juna izgili, ta kuma ambaci mata daban, cewa kada mata su yi wa mata, mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yin alheri. Jikina ya yi sanyi. Na ce mata ba mace na nufa ba, ɗabi'a na nufa, da kasuwancin da aka gina a kan tsoron mata. Na tuna mata cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a Nurul Albabi, ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata kan masu cika musu kunne da biyayyar miji ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajoji, wato matan da ta horar, ƙauyuka da waƙoƙi suna karantar da mata 'yan taru. Malama ta ce duk gaskiya ne, amma Shehu da Nana koyarwa suka yi, ba ba'a ba, kuma niyyata ba ta goge hawayen matar nan.

Har yau ina ganin abin da na faɗa a rubutun gaskiya ne, kuma zambon ne ya sa aka saurare shi bayan magana kai tsaye ta kasa. In na koma rubuta sirrin mallaka kamar ba abin da ya faru, zan ci gaba da sayar wa wannan baiwar Allah tsoro a kowane wata, ga shi yanzu na san labarinta. In na bar shafin, za a ba wanda zai cika shi da tallan bilicin ba tare da zuciyarsa ta ko motsa ba. In kuma na ci gaba da zambo, ban san mata nawa ne irinta za su ji ana karanta ciwonsu a tsakar gida ana dariya ba.

Ke kin fi ni daɗewa kina sauraron matan da ke cikin irin wannan hali, kin san abin da ke warkar da su da abin da ke ƙara musu ciwo. Shin akwai hanyar da za a yi wa wannan ɗabi'a zambo, kibiyar ta tsaya a kan mai sayar da man da mijin da ba ya sauke nauyinsa, ba ta taɓa matar ba? Ko kuwa akwai abubuwan da, muddin suna faruwa a gidajenmu, bai halatta a saka su cikin raha ba ko da niyyar gyara ce? Me zan ce wa mai mujalla, tunda bakin wasu ma yana cikin wannan tallan? Abin da ya fi gaggawa kuma, matar ta rubuta unguwarsu a bayan takardar. Ina so in je in same ta, amma ina tsoron zuwana ya tona cewa ita ta rubuto, ya jawo mata fitina a wurin mijin da ƙannensa. In amsa mata a shafin ba tare da suna ba, ko in nemi wata dattijuwa a unguwar ta haɗa mu a ɓoye?

Ina sauraron amsarki. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Wata 'yar jarida daga Kano